Zuwa ga ƙawata da ta koma Bolga

Ƙawata,

Yaya Bolga, yaya maigida da yara? Mu nan Nima lafiya lau, sai dai damina ta kunno kai, kin kuwa san halin Akra idan Yuni ya gabato: kowa idonsa na sama, zuciyarsa na kan kwata.

Kin tambaye ni labarin taron matanmu na cocin St. Kizito. Ranar Lahadi mun yi nazarin Joshuwa sura 7, labarin Akan, wanda ya ɓoye ganima a ƙarƙashin tantinsa, har mutum wajen 36 suka mutu a yaƙin Ai. Nan take mata suka hau zancen mazinata da mashaya, kin san mu da zunubin wasu. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗancan 36 ɗin. Ba su saci komai ba, ba su ma san an yi satar ba.

Sai na kawo maganar shara. Wa bai san mai jiran hadari ya haɗo, ta tura yaro ya juye bola cikin babbar kwata, don kada ta ba mai aboboya, keken kwasar shara, 'yan sidi ba? Ruwa ya kwashe, gidanta fes, Lahadi ta ci ado ta zo coci. To ina ledojin suka nufa? Kogin Odaw suka gangara, suka toshe hanya, ruwa ya shiga ɗakin wata baiwar Allah da ba ta taɓa ganinta ba. Kin tuna daren 3 ga Yuni, 2015, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle, fiye da mutum 150 suka rasu. Wasu suka yi ta cewa fushin Allah ne ya sauka a kansu. Ban yarda ba. A Luka sura 13, Yesu da kansa ya ƙi a ɗora wa mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta danne laifin da ya fi na sauran jama'a, mu masu rai ya ce mu tuba. Waɗanda suka fake wa ruwa a gidan man nan ba su fi mu zunubi ba.

Wata dattijuwa ta ce na mayar da Littafi Mai Tsarki takardar duba-gari. Muka yi dariya. Na ce mata, Mama, ai Amos sura 8 ma 'yan kasuwa ya tasa a gaba, masu rage mudu. Idan annabi bai raina zancen awo ba, olonka, gwangwanin awon da ake buga wa gindi ranar Laraba a kasuwa, ta shiga ciki. Kuma maƙwabtanmu Musulmi na kallo. Hajiyar da ta gane an tauye mata gari ba sunan mai tebur kaɗai za ta riƙe ba, har da na cocinta.

Ba mu watse ba sai da muka yanke cewa matan kowane layi za su yi karo-karo su biya mai kwasar shara. Uku sun riga sun fara gunaguni kan kuɗin, za mu gani.

Idan akwai mai tahowa, ki aiko mini da man kaɗanya da dawadawa, na nan duk gauraye ne. Ki gai da Mama, ki ce ina yi mata addu'a kan ƙafar.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Nima