Cigiyar William Aden

Ina ɗan firamare ƙanen mahaifiyata ya rataya jakarsa ya ce za shi Libiya neman kuɗi ta hanyar Agadas. Wasiƙa ɗaya tak ta zo daga gare shi, daga nan sai shiru. Kakata ta ba da cigiya a rediyo har ta gaji, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta yarda an raba kayan ɗakinsa ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne biyu daga cikin abokan tafiyarsa sun dawo gari, amma duk wanda ta tambaya sai ya sunkuyar da kai ya ce a hanya suka rabu. Takan ce idonsu ya san abin da bakinsu ya ƙi faɗa.

Ita ce ta faɗo mini a rai ranar da na ci karo da labarin William Aden a wani littafin tarihin Amurka. Saurayi ne ɗan jihar Tennessee, ɗan wani likita, mai sana'ar zane, bai wuce shekara ashirin ba. A 1857 ya nufi yamma kamar yadda dubban samarin zamaninsa suke yi. A yankin Utah ya shiga wani ayarin amalanken shanu da ya taso daga Arkansas za shi Kalifoniya, madugansa Alexander Fancher da John T. Baker. Ayari ne na iyalai, da mata da yara da garken shanu. Aden baƙo ne a cikinsu. Ya bi su ne domin mai tafiya shi kaɗai a wannan jeji ya sayar da ransa.

Sun shigo Utah a mummunan lokaci. Shugaba James Buchanan ya tura sojoji zuwa yankin, mabiya ɗariƙar Mormon da ke zaune a can, waɗanda aka taɓa kora daga Missouri da Illinois, suna shirin yaƙi. An hana sayar wa baƙi hatsi, jita-jita kuma ta cika garuruwa. An ruwaito cewa a garin Parowan wani mutum mai suna William Leany ya gane Aden, domin gidansu ya taɓa kare shi daga masu son dukansa a Tennessee. Ya ba saurayin kayan lambu, aka lakaɗa masa duka a kan haka.

Ran 7 ga Satumba, ayarin na zango a Mountain Meadows, aka far musu da asuba. Maharan dakarun sa-kai ne na Mormon tare da wasu 'yan ƙabilar Paiute, kuma an shirya ne a ɗora wa Paiute laifin duka. Matafiyan suka kewaye kansu da amalankensu suka ja daga. A cikin waɗannan kwanaki Aden da wani abokinsa suna wajen zango suka haɗu da wasu daga cikin dakarun. Wani mai suna William Stewart ya harbe Aden, abokin ya tsere ya koma cikin ayari.

Nan ne abin ya juya. Yanzu matafiya sun san fararen fata na cikin maharansu, in suka isa Kalifoniya za su faɗa. Masana tarihi da dama na ganin wannan tsoron tonuwar asiri ne ya sa shugabannin dakarun suka yanke shawarar kada a bar mai ba da labari. Ran 11 ga Satumba John D. Lee ya zo da farar tuta, ya yi musu alkawarin rakiya lafiya in sun ajiye makamai. Ƙishirwa ta galabaitar da su, harsashi ya kusa ƙarewa, suka yarda. Aka fito da su a jere, aka kashe kimanin mutum 120. Yara ƙanana 17 kawai aka bari, don ana ganin ba su kai su ba da shaida ba.

Can Tennessee kuwa, mahaifin Aden bai san komai ba. Ya yi shekaru yana aika wasiƙu yana cigiyar ɗansa. A nan na ajiye littafin na yi tagumi. Mutane da yawa a kudancin Utah sun san inda yaron ya faɗi da wanda ya harbe shi. Suna noma, suna ibada, suna aurar da 'ya'yansu, alhali wani tsoho na can yana jiran amsar da kalma ɗaya daga bakinsu za ta ba shi. Mai kisa ya ɗauke ran ɗan a rana ɗaya, masu shiru kuwa suka riƙa ɗaukar na uban kullum safiya.

Shekara ashirin aka yi kafin a hukunta kowa. An tuhumi mutum tara a 1874, har da Stewart, wanda ya gudu ba a taɓa gurfanar da shi ba. Lee kaɗai aka samu da laifi, aka harbe shi a filin da aka yi kisan ran 23 ga Maris, 1877.

Ban ce abokan tafiyar kawuna sun yi masa wani abu ba. Mai yiwuwa ƙishirwar hamada ce ta kayar da shi suka wuce, kunya ta rufe musu baki. Amma da sun faɗa, da kakata ta yi kukanta na kwana uku, an yi masa sadaka, ta daina zabura duk lokacin da aka yi sallama da dare. Ɗaya daga cikinsu yana nan da rai, ya tsufa, mukan haɗu a masallacin Juma'a mu gaisa. Mahaifiyata ma ta manyanta, kuma har yanzu takan ambaci ƙanenta. Na ƙudurta wannan Juma'ar zan bi dattijon har gida, in zauna a gabansa in tambaye shi.