Daren da Ƙaya Ta Ci Wuta a Edinbara

A ƙarshen Fabrairun 2019 wuta ta kama dutsen Arthur's Seat da ke tsakiyar Edinbara. Ina tsaye bakin taga, ƙirjina na dukan uku-uku, ina kallon jan layin wuta yana bin gangaren dutsen cikin duhu, ƙauri kuma ya cika ɗakin. Abin da ke ci ƙayar nan ce da mutanen Sikotlan ke kira whin, wadda Linnaeus ya raɗa wa suna Ulex europaeus a 1753. Busassun rassanta ba sa zuba, a cikinta suke taruwa shekara da shekaru, ga maiƙo a jikinta. Ƙyastu ɗaya ya ishe ta.

Wallahi na ji zafin abin. Ƙayar nan ita ta ɗebe mini kewa a hunturun da na iso Edinbara, lokacin da gari ya yi toka-toka, ita kuwa ga fure ruwan ɗorawa mai ƙamshin kwakwa. Da bazara nakan zauna kusa da ita in ji kwansonta na fashewa ƙas-ƙas cikin rana, yana watso iri. Ban san dalilin da ya sa zuciyata ta saba da ita haka ba, sai ranar da wata malamarmu ta ɓare furen a tafin hannuna: babban ganye ɗaya a sama, fiffike biyu a gefe, ƙasan kamar ɗan kwale-kwale. Furen wake ne sak! Danginsu ɗaya, Fabaceae, inda gyaɗa da gawo da bagaruwa da tsamiya suke. Saiwarta ma tana da 'yan ƙulle-ƙullen nan da ke ƙara wa ƙasa taki.

Daren gobarar na ɗauka ta tafi ke nan. Bayan 'yan watanni na hau dutsen, takalmina ya yi baƙi ƙirin da toka. Ƙonannun kututture sun tofo. Tsakaninsu ga jariran tsiro birjik, masu ganye uku-uku masu laushi, ƙaya ba ta fito musu ba tukuna. Na durƙusa na shafa su da yatsa, idona ya ciko. Ashe irin yakan yi shekaru gommai a ƙasa da ransa, zafin wuta ne ke fasa ɓawonsa ya tsiro. Wannan taurin ran ne ya sa manoman Niyu Zilan, inda Turawa suka kai ta don yin shinge a ƙarni na 19, suke fama da ita har yau.