Tsatsa a Bindigar Marayu

Bara, bayan rasuwar wani abokin kasuwancina, 'yan uwansa suka kawo mini kayansa in ajiye kafin a raba gado, tunda ni ke jan salla a masallacin layinmu in liman ya yi tafiya. Cikin kayan har da bindigar farauta mai baki biyu, wadda ya saya a hannun wani don korar birai daga gonarsa, da takardar lasisinta.

Na naɗe ta cikin tsohon bargo na tura ƙarƙashin gado, a zatona na killace ta ke nan. Na manta ba a Kano nake ba. Kun dai san Ibadan, ruwa tun Maris har Oktoba, bango ma gumi yake yi. Bargon nan ya sha laima ya riƙe.

Bayan wata bakwai na warware, sai ga jar tsatsa ta bi hancin bindigar kamar an barbaɗa barkono. Wallahi gabana ya faɗi. Ni da ke karanta wa mutane gargaɗin Suratun Nisa'i kan dukiyar maraya, ga ta tana lalacewa a ɗakina.

Har na aiki yaro ya sayo samfefa, sai Allah ya kawo wani tsohon maharbi Bayarabe da ke sayen goro a wurina. Ya ce, "Alfa, kar ka soma." Wai baƙin da ke jikin ƙarfen ba fenti ba ne, rini ne da aka yi masa tun a masana'anta, shi ke kare shi. Samfefa za ta cinye shi, tsatsar ta dawo fiye da da.

Da farko ya karya bindigar ya leƙa, ko da na rantse masa babu harsashi. Na ɗan ji haushi, amma shi ke da gaskiya. Ya raba hancin da ƙotar, ya shafe shi da man keken ɗinki, ya ce a bar shi sai bayan la'asar. Sannan ya kawo soson ƙarfe mafi laushi, irin na kafintoci, ba na wankin tukunya ba. Yana gogawa a hankali bisa tsawon ƙarfen, yana sharewa da farin tsumma, yana ƙara mai, don tsatsar da ta fita ita ma tana karce ƙarfe in an bar ta. Inda ta ƙi, ya kankare da tsohon kwabo na jan ƙarfe, saboda ya fi ƙarfen bindiga taushi. Daga nan ya ɗaga hancin saitin haske ya duba ciki. Ya ce da cikin ya yi ramuka, da ba ta sake harbuwa sai maƙerin bindiga ya gani. Alhamdu lillahi, cikin fes.

Wuri ɗaya ne kusa da kunama tsatsar ta riga ta ci, ta bar tabo kamar ƙwayar gero. Wannan ba mai da zai fitar da shi.

Ranar rabo na nuna wa magada tabon, na ce sakacina ne, a kimanta in biya. Babban ɗan ya ce ya yafe. Na ce ya yafe nasa kason, amma ƙannensa biyu ba su balaga ba, ba mai yafewa a madadinsu. Na biya nasu. Kuma na gaya masa lasisin da sunan mahaifinsa yake, ba a gadonsa, don haka ranar Litinin na rufe shago muka tafi wajen 'yan sanda tare.