Ciyawar da ake ƙonawa, da ita nake ciyar da lambuna

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san ciyawa dukiya ce. Ana yanko ta a ɗaura wa jaki ko keke a kai kasuwa, mai tumaki ya sa kuɗinsa ya saya. Shi ya sa duk da shekarun da na yi a Ibadan, har yau idona bai saba da yadda ake wulaƙanta ta a nan ba. Ruwa kan sauka tun watan Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai wajen Oktoba, don haka ba a daɗewa sai an kira mai inji ya aske harabar gida ko ta makaranta. Abin da aka yanke kuwa, ko a tura shi kwata, ko a tara a cinna masa wuta.

Kowanne da illarsa. Kwata ta toshe, ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin hayayyafa, a garin da bai manta da ambaliyar Ogunpa ta 1980 da ta 2011 ba. Ɗanyar ciyawa kuma ba ta cin wuta sosai, hayaƙi kawai take tuɗaɗawa, kuma uwar da ke da yaro mai asma ta san abin da wannan hayaƙi ke jawo mata cikin dare.

Ina da ɗan lambu a bayan gida, tsawonsa bai wuce taku goma ba, sai wasu buhuna da na jera a jikin katanga. Akwai alayyafo, da lalo wanda maƙwabtana ke kira ewedu, da ugu, da kuɓewa, da attarugu, da yakuwa saboda maigida ba ya son miyar taushe babu tsami. Rabon da in sayi takin zamani an jima. Ciyawar gidanmu da ta gidaje biyu da ke kusa ita ke riƙe da lambun.

Amma uwargida, ba kwasowa za ki yi ki jibga a gindin shuka ba. Mafi yawan nauyin sabuwar ciyawa ruwa ne, kuma tana cike da sinadarin naitirojin. Idan aka tara ta ita kaɗai sai ta danƙare, iska ta kasa shiga, ta yi yauƙi, ta soma wari kamar makewayi. Maganin wannan shi ne a haɗa ta da busasshen abu: ganyen mangwaro ko na darbejiya da ya zubo, karan masara da aka daddatse, kwalin da aka yayyaga, ko ɗan garin katako daga masu yankan katako na Bodija. Shi garin katakon kaɗan nake sawa, don yana jinkirin ruɓewa. Kwando ɗaya na ɗanyar ciyawa, kwando biyu na busasshe, hawa-hawa, har tulin ya kai ƙugu. In akwai kashin kaji ko na awaki a barbaɗa a tsakani.

Bayan kwana uku ko huɗu, in kin tura sanda cikin tulin kin zaro za ki ji ta da zafi. Tulin da ya haɗu yana kaiwa digiri 55 zuwa 65, kuma wannan zafin ne ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Duk mako nakan sa yara su juya shi da shebur, na gefe ya koma tsakiya. Danshinsa ya zama kamar tsumman da aka matse. A nan Kudu matsalarmu yawan ruwa ce, don haka nakan rufe saman da tsohon buhu ko leda, in bar gefe a buɗe. Cikin wata biyu zuwa uku sai ya koma baƙi, ya yi laushi, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa. In har kina iya gane ganyen ciyawa a ciki, to da saura.

Inda na fi tsanantawa shi ne asalin ciyawar, tunda abin da zai fito ’ya’yana ne za su ci. Yanzu feshin maganin kashe ciyawa ya zama ruwan dare, don haka kafin in karɓi ta wani gida sai na tambaya ko sun yi feshi. In an ce eh, ko aka tsaya kame-kame, na hutar da kaina. Ba na ɗaukar ta bakin titi, ba na ɗaukar wadda ta tsiro a bakin kwata ko kusa da ramin masai. Kashin kare da na kyanwa ba sa shiga tulina; na kyanwa ma yana iya ɗauke da cutar da ke illa ga jaririn da ke ciki, saboda haka mai juna biyu ta sa safar hannu in za ta taɓa ƙasa, ta kuma wanke hannu da sabulu. Ragowar miya, nama da ƙashi su ma a’a, ɓera kawai za su gayyato, inda ɓera yake kuwa maciji na nan tafe. Wannan ne dalilin da ya sa na kai tulin can ƙarshen katanga, nesa da inda yara ke wasa.

Ƙiri-ƙiri da tofa da aya-aya kuma, ganyensu kaɗai nake ɗauka. Saiwarsu ba ta mutuwa da sauƙi. Guntu ɗaya in ya tsira, sai ya mamaye kunyar.

In takin ya nuna, nakan shimfiɗa kaurin yatsu biyu a kan kunya in cakuɗa da ƙasar sama, mako guda kafin shuka. A buhu kuwa, kashi ɗaya taki, kashi biyu ƙasa. Jar ƙasar bayan gidanmu da a da take tauri kamar bulo in an kwana biyu babu ruwa, yanzu da hannu nake tona ta, tana kuma riƙe danshi har cikin hunturu. Ganyen dai ko daga lambunki ya fito sai an wanke shi da ruwa mai tsabta kafin ya shiga tukunya. Tulin da na haɗa a watan Satumba shi nake buɗewa a Disamba, lokacin da ɗaurin alayyafo ke ƙanƙancewa a kasuwa.