Kafin ka miƙa wa yaro makullin moto

Yanzu ne lokacin da ake saida wake da gujiya da aya, kuɗi su shigo hannu, maigida ya sayi moto ya ce wa ɗansa ya tafi ya yi kabu-kabu kafin damana ta kewayo. A kan waɗannan samari nake so mu yi magana, ƴan shekara 14 zuwa 17. Duk wanda ya bi babbar hanya ranar kasuwa, daga Madawa zuwa Maradi ko daga Tasawa zuwa Damagaram, ya gan su: wani bisa moto da mutum biyu da buhun hatsi a baya, wani a maƙale jikin kamyo yana karen mota.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Ajin manya ne, amma kowace shekara irin waɗannan yara suna shigowa, su zauna can baya. Sanin da na yi musu ya sa ba ni cikin masu cewa yaran yanzu ba su da hankali. Suna da shi. Abin da aka koya musu ne kaɗan. Kwana uku yaro ke yi a filin bayan gari, wansa ya nuna masa yadda ake tayarwa da yadda ake ba ta wuta, shi ke nan sai a ce ya iya. Tsayawa kuwa, wadda ita ce rabin tuƙi, ba wanda ya koya masa.

Shi ya sa a darasin lissafi nakan fitar da aji waje. Moto mai gudun kilometir 60 a awa tana cin wajen metir 17 cikin sakan ɗaya. Sakan ɗayan nan shi ne tsakanin ido ya ga akuya da ƙafa ta taka birki. Bayan an taka, sai ta ƙara jan wajen metir 20 kafin ta tsaya, in kwalta ce busasshiya kuma taya na da kyau. Mukan auna wannan da igiyar guga, tun daga ƙofar aji har bayan rijiya. Sa'annan mu auna na mai gudun kilometir 30: metir 8 kafin birki, metir 5 bayansa. Dattawa sukan riƙe baki, don kowa ya ɗauka in gudu ya ninka sau biyu, jan birki ma sau biyu yake ninkawa. A'a, sau huɗu ne. A cikin rairayi ko ranar hazo da ƙura, lissafin ya fi haka muni.

To, mi ke sa yaro gudu? Ƙuruciya na ciki, ba musu. Amma ni na fi ganin laifin sharaɗin da mu manya muke ɗora masa. Mai moto ya yanka masa abin da zai kawo kowace maraice, ko an samu fasinja ko ba a samu ba. Kuɗin mai daga aljihunsa, faci daga aljihunsa. Yaron da aka yi wa haka dole ya yi tsere da abokansa a kan fasinja, dole ya ɗauki mutum uku, dole ya kai dare da fitila mai ido ɗaya. Wani ɗalibina ɗan shekara 16 ya daina zuwa aji bara. Ya karye a cinya, yana komowa daga kasuwa bayan magariba, ya afka wa amalanken shanu da ba ta da ko ƙyallen alama. Tambayar farko da mai moton ya yi, ina moto. Yau yaron na ɗingishi, gonar ubansa kuma sai da aka ɗauki ɗan ƙwadago.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa hatsarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe ƴan shekara 5 zuwa 29. Ta ce hular kwano, wadda muke ce wa kaske, in an sa ta daidai an ɗaure igiyarta, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida. A garinmu kaske na rataye a hannun moto, sai an hango jandarma a ɗora shi a ka. Wai zafi. Wanda ya iya sayen moto ya iya sayen kaske biyu, ɗaya na yaro ɗaya na fasinja, kuma shi ya kamata ya tsaya a ƙofar gida ya ga an sa.

Karen mota shi ma nasa ya ishe shi. Shi ke dirowa da gudu ya sa gungume ƙarƙashin taya a kan tudu. Shi ke hawa saman kaya, shi ke kwana ƙarƙashin mota don gadi, direba ya tashi da asuba ya tayar bai leƙa ba. In barci ya kama maigidansa a doguwar hanya, sai ya miƙa masa sitiyari, alhali permi na mota sai an cika shekara 18. Ba a hana yaro koyon sana'a ba, manyan direbobinmu duk ta nan suka biyo. Amma a koya masa da rana, mota ba kaya, direba na gefensa idonsa biyu.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar aiki ta ƙasarmu ta 2012 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba, ko da sunan koyon sana'a ne. Tun 2000 kuma Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya mai lamba 182, wadda ta hana sa wanda bai kai 18 ba aiki mai haɗari. Sai dai mai binciken aiki yana birni, ba zai zo tashar ƙauyenmu ya ƙirga shekarun kowa ba. Uba ne ya san shekarun ɗansa.

Ga abin da muka shirya da iyayen ɗalibaina bana. Yaron da bai kai 18 ba, ba ya hawa kwalta da fasinja. Aikensa tsakanin gida da gona da injin niƙa, kuma makulli ya komo hannun uba kafin magariba. Masu amalanke sun yarda su liƙa leda mai ƙyalli a bayanta, mun yi karo-karo an sayo daga Maradi. Mutum biyu sun ƙi, sun ce kuɗin kabu-kabu ne cefanensu. Ranar kasuwa mai zuwa ni da maigari za mu sake komawa wurinsu.