Daga Kasuwar Mokolo Zuwa Gonakin Obala

Da sassafe muka fito daga Briketeri, muka ratsa ta Messa zuwa kasuwar Mokolo. Motoci na ta sauke rogo da agade da gwaza da tumatir, yawancinsu daga yankin Lekie, arewa da Yawunde. Kafin azahar ɓawo da ruɓaɓɓen ganye sun yi tsibi a bakin hanya.

Washegari muka bi sawun kayan nan har Obala. Ƙasar wajen ja ce jawur, irin ta dajin kudu, mai tsami, kuma ruwan sama mai yawa yana wanke abincinta. A da manomi kan bar gona ta huta shekaru da dama. Yanzu jama'a sun yawaita, hutun ya gajarce. Wani dattijo ya ce mana, "'Ya'yana, gonar nan ta gaji. Buhun da nake cikawa a kunya goma, yau sai ashirin."

Ba shi kaɗai ba ne. Binciken da masana biyu, Stoorvogel da Smaling, suka fitar a 1990 ya nuna kowace hekta a Afirka kudu da Sahara tana asarar kimanin kilo 22 na naitirojin, da 2.5 na fosfaras, da 15 na fotashiyam duk shekara. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, takin zamani ya ƙara fin ƙarfin talaka.

A hanyar dawowa sai muka tuna da Kano. Can kakanninmu kan ɗora takin gari a mangala, jakuna su kai shi gonakin karkara, su komo da hatsi da itace. Shi ya sa ake noma gonakin kewayen birni shekara da shekaru ba hutu.

To, jama'a, mu nan Briketeri fa? Tokar masu tsire, da kashin ragunan Babbar Sallah, da ɓawon Mokolo, duk ƙarfin gona ne da ya shigo gari, mu kuwa muna zubar da shi a kwata. Motocin da ke kawo rogo, da yawa ba kaya suke komawa. Me zai hana matasanmu su tara, su ruɓar, su sayar wa manoma?

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gonar da ke ciyar da mu, ita ma tana jiran nata rabon. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.