Lallashin Maƙogwaro

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da mawaƙan opera shi ne, a al'ada ba a sa musu makirufo. A La Scala ta birnin Milan, zauren da ke cin mutum kusan 2,000, muryar mace guda ce za ta ratsa kiɗan makaɗa sittin ko fiye ta isa kujerar ƙarshe.

Shi ya sa rayuwar matashiyar mawaƙiya kusan duk lallashin maƙogwaro ce. Da safe ba ta yawan magana. Ruwan ɗumi, mayafi a wuya, sannan ta tsaya gaban fiyano tana ɗumama murya a hankali. Da rana haddar baitoci cikin Italiyanci ko Jamusanci. Mura kaɗan ta isa ta hana ta hawa dandali, kuma mai zaman kanta in ba ta rera ba, galibi ba ko sisi. Wannan ɓangaren ba ya samun tafi.

Mawaƙiya Pretty Yende ta Afirka ta Kudu tana shekara 16 ta fara jin opera, a tallar jirgin sama a talabijin. A 2013 Metropolitan Opera ta New York ta kira ta bagatatan ta maye gurbin wata. Daren farko ta yi tuntuɓe ta faɗi a dandali, ta miƙe ta rera har ƙarshe.